Fada da Fage: Tarihin Gardamar Makaɗa a Ƙasar Gandi

Kafin akwatin rediyo ya shiga ƙauyukan gabashin Sakkwato, ba a zama a jera makaɗan ƙasar Hausa ana cewa wane ya fi wane, domin babu inda za a haɗa su a auna. Mutumin Gandi ya san makaɗin da ya gani da idonsa: mai kalangun mahauta ranar kasuwa, mai gangar noma a wurin gayya, mai kiɗan 'yan mata a dandali da farin wata. Manyan da ake jin sunansu kuwa, kowa yana gindin ubangidansa. Ibrahim Narambaɗa yana Isa wajen Sarkin Gobir Amadu. Salihu Jankiɗi yana birnin Sakkwato, shi ne Sarkin Taushin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku. Aliyu Ɗandawo yana yamma, tsakanin Argungu da Yawuri. Abdu Kurna da ƙanensa Musa Ɗanƙwairo suna Maradun, a fadar Sarkin Ƙaya. Sai wanda fatauci ko hawan salla ya kai shi can zai dawo ya ba da labari, ya ɗan rera abin da ya riƙe. Sunan makaɗi ke isowa Gandi, muryarsa tana can inda aka bar ta.

Ko a wancan zamani akwai ma'auni, kuma an gama yanke hukunci da shi tun makaɗi bai buɗe baki ba. Abin kiɗan da ke hannunka shi ke faɗin matsayinka. Tambari da kakaki na sarki ne. Taushi da kotso na makaɗan fada ne, masu gida da doki da manyan riguna na kyautar sarki, wasunsu har da rawani. Kalangu kuwa na mahauta ne da 'yan dambe da 'yan mata, mai shi maroƙi ne kawai, kome hikimar bakinsa. A bisa wannan duka ga idon malamai. Yankin nan na ribaɗi ne: a Wurno Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya zauna, a nan ya rasu a 1837, a nan hubbarensa yake. Shehu Usmanu kansa ya sa kaɗe-kaɗen banza cikin abubuwan da ya soki sarakunan Haɓe da su a Kitabul Farƙi. Don haka dattijon da waƙa ta ratsa ya saba ya yaba, sannan ya bi da istigfari. Kiɗan fada ya sami sassauci, tunda yana ambaton zuriyar Shehu da adalci da riƙon addini. Kiɗan fage bai samu ba.

A cikin wannan tsari aka haifi Muhammadu Bawa, wanda duniya ta sani da Ɗan Anace, a 'Yar Tsakuwa ta ƙasar Gandi. Kalangu ya ɗauka, kuma ko da yake ya yi wa manoma waƙa, a fagen dambe sunansa ya tashi.

Wanda bai taɓa tsayawa a bakin fage ba ba zai gane irin aikin ba. Da kaka, in an gama girbi an ɗaure damman gero, sai rundawa su fita gari-gari. Da la'asar sakaliya ake yin da'ira a bayan gari, yara a ƙasa, manya a tsaye, masu rake da gyaɗa a gefe. Ɗan dambe ya naɗe hannunsa mai ƙarfi da tsumma da zare har ya yi tauri, ya bar ɗayan a buɗe don kariya, ga layu a damtse. Makaɗi ya maƙale kalangu a hammata, yana matsa tsarkiya yana sakewa, fatar tana hawa tana sauka har ka ji kamar sunan mutum take kira. Da an kaɗa taken wani, sai ka ga tsuma ta kama shi, ya zabura yana kirari, ya zagaya fili ya tsaya gaban wanda yake nema. Turmi uku ake yi. In gwiwa ko hannu ya taɓa ƙasa, an kashe mutum ke nan. To, makaɗin fada ya san ubangidansa tun daga gida. Yana da kwanaki ya zauna da 'yan amshinsa a zaure su gina waƙa, su rushe, su sake ginawa, kuma ranar da za a rera ta sarki yana nan a kan karagarsa, ba abin da zai same shi. Makaɗin fage kuwa, gwaninsa da ya gama zugawa yanzu-yanzu yana iya kasancewa a ƙasa kafin ƙiftawar ido, baki cike da ƙura. Dole ya sami abin faɗa nan take, wanda zai tashe shi ba tare da ya yi ƙarya a gaban mutanen da suka ga faɗuwar da idonsu ba. Wannan makarantar Ɗan Anace ya yi, kuma shekaru da yawa babu wanda ya lissafa ta a matsayin makaranta.

Siyasa da rediyo ne suka buɗe gardamar. Ahmadu Bello haifaffen Rabah ne, jikan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku na Rabah. Ya riƙe ƙasar Rabah daga 1934, ya zama Sardauna a 1938, Firimiyan Arewa a 1954. Da Ɗanƙwairo ya zama makaɗinsa, kuma gidan rediyon Kaduna ya fara aiki a 1962, sai muryar da a da sai an je Maradun ake ji ta riƙa fitowa daga ɗan akwati mai batir a teburin mai shayi. Mutanen Rabah da Gandi suka karɓi Ɗanƙwairo hannu biyu, tunda ɗansu yake wa waƙa. A daidai wannan lokaci, farkon shekarun 1960, Narambaɗa ya rasu, ya bar 'yan waƙoƙin da aka samu aka ɗauka a ƙarshen rayuwarsa. Karon farko ke nan da mutum zai ji kotson Isa da kotson Maradun a dare guda, a zaune wuri guda. Nan take majalisa ta rabu.

Masu Narambaɗa suka tsaya a kan magana. Suka ce ɗan waƙarsa guda sai ka kwana kana juya shi, zambonsa yana yanka ba tare da ya ambaci suna ba, kuma mutumin da ya iya yi wa doki waƙa, kamar yadda ya yi wa Dokin Iska, har ta fi waƙoƙin sarakuna da yawa daɗewa, ba a haɗa shi da kowa. Suka ƙara da cewa yawancin rayuwarsa a ƙofar sarki ɗaya ya yi ta. Masu Ɗanƙwairo suka tsaya a kan kunne. Suka ce a saurari yadda yake jefa magana 'yan amshi su cafe, su ƙara nasu, su miƙo masa, muryoyi suna hawa kan juna ba wanda ya taka wani, ga muryarsa siririya a sama da duka. Da aka ce ai ya bazu, yau yana Tsafe wajen 'Yandoto, gobe Daura wajen Sarki Muhammadu Bashar, jibi Kano wajen Ado Bayero, sai suka ce ai ba a kiran wanda bai iya ba. Akwai kuma rukuni na uku, yawanci malaman makaranta da ma'aikatan En'e, da suka riƙe Sa'idu Faru, makaɗin Sarkin Kudu Muhammadu Macciɗo a Talatar Mafara, saboda tsarin zancensa da kaifin habaicinsa. In gardama ta yi zafi, sai dattijo ya ɗaga hannu ya ce wa saurayi, "Yaro, kai dai saurara, ba ka kai ga gane wagga magana ba tukuna." Saurayin ya ce, "Allah ya ba ka haƙuri, Baba," ya yi shiru, amma bai sauya ra'ayi ba.

Duk wannan cikin gida ne, tsakanin kotso da taushi. Wanda ya rikita lissafin baƙo ne daga ƙasar Katsina. Mamman Shata, ɗan Musawa, da kalangu ya zo, wato da abin kiɗan da tsohon ma'auni ya ajiye a ƙasa. Bai zama na fada ɗaya ba. Ya yi wa sarki, ya yi wa direba, ya yi wa soja lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, ya yi wa attajiri da tsuntsu da gari. Sakkwatawa da yawa suka ƙi shi da farko, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce: suka ce amshinsa layi ɗaya ne da ake ta maimaitawa, babu saƙar da ke cikin amshin Ɗanƙwairo, kuma ga waƙar da ya yi wa mashaya, wadda ba ta shiga zauren mutumin kirki. Magoya bayansa suka ce wannan sauƙin amshi shi ne ya ba shi sarari ya ƙirƙira a tsaye, ya ga abu yanzu ya mayar da shi waƙa yanzu, kuma babu wanda ya kai shi yawa ko nisan zango. Har Bakandamiya aka haɗa, ta Narambaɗa da ta Shata, ana tambayar wa ya fi iya yabon kansa. 

Abin da ya kamata a lura da shi a Gandi shi ne, Shata ya rushe hujjar da ake danne Ɗan Anace da ita. In har mai kalangu zai zauna a sahu ɗaya da Narambaɗa, me ya hana namu? Amma ba a yi wannan tambaya da wuri ba. Aka ɗauki Shata a matsayin wanda Allah ya keɓe, aka bar sauran masu kalangu inda suke.

Bayan kisan Sardauna ranar 15 ga Janairu 1966, ƙasa ta juya wa makaɗan fada. Gwamnatin soja ta karɓe kotuna da 'yan doka daga hannun En'e a ƙarshen shekarun 1960, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ƙarasa abin da ya rage. Sarki yana nan da martabarsa, amma kuɗi sun koma hannun 'yan kwangila da 'yan kasuwa na zamanin man fetur. Sai ga kaset. Rediyo abin da ma'aikacin Kaduna ko na Rima ya zaɓa shi take ba ka, rikoda kuwa kai ke zaɓe. Direban da ke jigila tsakanin Sakkwato da Rabah da Gandi, da leburan da aikin madatsar ruwan Goronyo ya tara kafin a kammala ta a 1984, da mahaucin da ke kasuwar Acida, ba su da ubangidan da za su faranta wa. Abin da ke motsa musu jini suke saya. A wannan zamani ne waƙar da Ɗan Anace ya yi wa ɗan dambe Shago ta game ƙasar Hausa, har karon Shago da Ɗandunawa ya zama labarin da yaron Kano da na Maraɗi suka sani, alhali ba su taɓa ganin ɗayansu ba. Ta bakin Ɗan Anace suka san su.

Waƙar Shago ita ce hujja mafi ƙarfi a hannun masu kare shi, ita ce kuma sandar da ake dukansa da ita. Ba yabon ƙarfi kaɗai ba ne a cikinta. Mutuwa tana yawo a ciki daga farko har ƙarshe: makaɗi yana tura gwaninsa inda ya san ana iya rasa rai, yana kuma gaya masa gaskiyar hakan. Ya kai zugar har ga ambaton lahira da Walakiri, kuma a nan ne masu tsoron Allah ke kau da kai, su ce wannan ya wuce wasa. Ban ga laifinsu ba, a ƙasar da yaro ke tashi da allo a hannu. Sai dai ina ganin mutumin da ya iya sa ɗan dambe da mai kallo su tuna kabari a tsakiyar ihu, ba ƙaramin mai tunani ba ne, kuma zurfin da ake yaba wa Narambaɗa da shi yana nan a wannan waƙa ga wanda ya yarda ya saurara.

An kuma cuce shi ta wata hanya, da aka riƙa ɗaure shi a dami ɗaya da Kassu Zurmi, makaɗin 'yan tauri, da Muhammadu Gambu mai waƙar ɓarayi, ana ce musu duka makaɗan maza. Su ma gwanaye ne a harshe, Gambu kuma ya tuba ya bar kiɗan kafin rasuwarsa. Amma dambe wasa ne da ake yi a bainar jama'a, da yardar masu gari, tsakanin mutum biyu da kowannensu ya shiga da ƙafarsa. Ba a kwana ana kukan wani saboda shi yadda ake kwana saboda ɓarawo. Duk da haka, duk lokacin da aka tayar da zancen waƙoƙin da ke lalata tarbiyya, sai ƙurar ta bi ta kan Ɗan Anace.

Jami'a ta shigo gardamar a shekarun 1970. Dandatti Abdulƙadir ya yi digirinsa na uku a kan Shata a Jami'ar Indiyana ta Amurka a 1975, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya kuma ta ba Shata digirin girmamawa a 1988. Daga ranar magoya bayansa suka sami abin rufe baki: Dakta ne, wa ya ba naku? Sa'idu Muhammad Gusau ya bi makaɗa gida-gida ya tattara tarihinsu a Makaɗa da Mawaƙan Hausa, ya kuma ba ɗalibai kalmomin aiki irin su gindin waƙa da ɗiyanta. Littafin Ibrahim Sheme da abokan aikinsa a kan Shata ya fito a 2006, na Aliyu Muhammad Bunza a kan Narambaɗa a 2009. Wannan aiki ya yi wa Ɗan Anace rana, domin ya shigar da shi aji, ɗalibai a Sakkwato da Kano da Zariya suka zauna suna rubuta baitocinsa suna nazari. Amma rabon da aka yi na makaɗan fada, makaɗan jama'a, makaɗan sana'a, makaɗan maza, wanda manazarta suka yi don sauƙin bincike, ya zama wa masu gardama katanga. Sai a ce Ɗan Anace ba shi da na biyu a kiɗan dambe, a rufe zancen, a koma kan Narambaɗa da Shata.

Sannan mutuwa ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Jankiɗi ya riga ya tafi a shekarun 1970. Ɗan Anace da Sa'idu Faru suka bi a shekarun 1980, Faru bai ga ranar da ubangidansa Macciɗo ya zama Sarkin Musulmi a 1996 ba. Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, Shata a Yuni 1999, aka binne shi a Daura. A 1996 ɗin nan aka yanke Zamfara daga Sakkwato, sai Maradun da Bakura da Mafara da Zurmi suka koma wata jiha, gardamar ta sami sabon reshe na namu da naku. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, amma abin mamaki, ko wannan bai sa mutanen gabashin Sakkwato sun ɗaga nasu yadda Zamfarawa suka ɗaga Ɗanƙwairo ko Katsinawa Shata ba. Da aka ƙaddamar da shari'a a Zamfara a ƙarshen 1999, Sakkwato ta bi a 2000, kiɗan fili ya ja baya a wurare da yawa, masu fiyano da waƙar fim suka cika gurbin, sai tsofaffin makaɗa duka suka koma sahu ɗaya a bakin dattawa, wato mutanen da, masu ma'ana. Rabon fada da fage ya ɗan dushe, tunda yanzu akwai abokin hamayya na bai ɗaya.

A duk shekarun nan ban ji an sa Barmani Coge ko Uwaliya Mai Amada a wannan jeri ba. Gardamar ta majalisar maza ce, a ƙofar gida da tasha da teburin shayi. Matan da ke cikin gida suna da nasu gwanaye, da ƙwarya da turmi, kuma ba a tambaye su ba.

In aka tambaye ni, ba zan ce Ɗan Anace ya fi Narambaɗa ba. Narambaɗa ya fi shi tace magana, Ɗanƙwairo ya fi shi tsara muryoyi, Shata ya fi shi faɗin fili nesa ba kusa ba. Abin da nake cewa shi ne, kusan shekara hamsin ana auna shi da darajar wanda ya yi wa waƙa. Sarki ya fi mahauci a idon jama'a, sai aka ɗauka waƙar sarki ta fi waƙar mahauci. In aka ajiye wannan, aka tambayi abin da ya kamata a tambayi kowane makaɗi, wato ko maganarsa tana kama mai ji, ko ta rayu bayan wanda aka yi wa ita, ko akwai wanda ya iya yin irinta, to ɗan 'Yar Tsakuwa yana cikin 'yan ƙalilan na sahun gaba. Sarakuna da yawa da aka yi wa waƙa da taushi an manta da su da waƙoƙin baki ɗaya, Shago kuwa har yau yaro ya san sunansa.

Yanzu waƙoƙin suna cikin waya. Saurayi ya kai memori wurin mai caji a tura masa Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Shata da Ɗan Anace a haɗe, wani lokaci da sunan wani a kan waƙar wani, wata an yanke mata kai, wata sautin ya shaƙe saboda daga tsohon kaset aka kwafo ta. Dambe ya koma gidajen da ake biyan kuɗin ƙofa a manyan birane, ana karawa tsakanin Kudu da Arewa da Guramada. A ƙasar Gandi kuwa, tun harin da aka kai Tabanni a Yulin 2018, wanda ya kwararo da 'yan gudun hijira cikin garin, taron dare a bayan gari ya zama abin da ake tunani kafin a yi. Tsofaffin da suka tsaya a bakin fage suka ji Ɗan Anace da kunnensu, suka riƙe taken da ba a taɓa ɗauka a kaset ba da sunayen 'yan damben da ba su kai Shago suna ba, suna ƙarewa, wasunsu ma ba sa garuruwansu. Daga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo zuwa Gandi tafiyar yini ba ta kai ba, kuma wayar da ke aljihun kowane ɗalibi ta isa ta ɗauki muryarsu a wannan kakar.